Kwalabe Uku a Ƙarƙashin Kujera

A Makka ba a maganar shekarun da mutum zai kai kafin ya fara shan giya. Mahaifinmu, da ya biyo ta Cadi da Sudan, yakan ba mu labarin gidajen giyar can, inda ake korar yaro a bar babba ya shiga. Nan kuwa ko gemunka ya kai cibiya, aka kama ka sai bulala. Amma masu so ba su rasa hanya ba. Kolonya suke saye, turaren nan da ake yayyafa wa baƙi a hannu, su sirka da ruwa su kwankwaɗa. Abin ya fi yawa cikin direbobin hanyar Jidda, kuma mun ga ƙarshensa, don ɗan maƙwabtanmu gawarsa aka ciro daga mota.

Tun daga nan wani Basakkwace mai kanti a unguwar Mansur ya kafa tasa dokar: ba ya sayar wa marar gemu kolonya. In saurayi ya zo, sai ya shafa masa haɓa ya ce ya je ya turo babansa. Muna dariya, iyaye mata kuwa suna sa masa albarka.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne ƙanena ya fara tuƙi, haɓarsa sumul kamar ƙwai. Motar haya suke ja tsakanin Makka da Jidda, suna karɓa-karɓa da wani dattijo, aminin mahaifinmu. Don dattijon ma aka bar shi ya shiga aikin, wai ya riƙa sa masa ido.

Wata safiya na je ɗauko kwanon abincinsa a mota, hannuna ya taɓo kwalba ƙarƙashin kujera. Uku ne, ɗaya an sha rabi. Na tuna kwanakin nan idonsa jajir yake dawowa, yana tafe yana layi. Tsoro ya kama ni sosai, ni kuma in na tsorata faɗa nake yi. Na naɗe kwalaben a mayafi, na same shi a tsakar gida na zube su gabansa.

“Hura mini bakinka,” na ce.

“Esh fi, Yaya? Me ya faru?”

“Na ce ka hura.”

Ya hura. Babu komai sai warin albasa da waken da ya karya da shi. Ban taɓa jin daɗin warin bakin mutum ba sai ranar.

Da ƙyar na tatso sauran maganar. Ashe kwalaben na dattijon ne. Shi da ke da gemu fari fat, wa zai hana shi saye? Duk inda suka tsaya shan shayi, ƙanena yakan lallaɓa ya ɗauke kwalbar ya ɓoye. Ranar da ya ga mutumin ya riga shi kurɓa, sai ya riƙe makulli ya ja motar zuwa da dawowa shi kaɗai. Rashin barci ne ya ja masa ido. Ya yi shiru ne don kada a zane mutumin da yake kira Baba, kada kuma mahaifinmu ya ji kunya.

Na zauna daɓas ina kuka ina zaginsa, ina hamdala, duk a haɗe.

Mahaifinmu ya kashe maganar cikin rufin asiri. Dattijon ya bar tuƙi, ya koma sayar da asuwaki a unguwar Zahir. Basakkwacen da ya ji labari ya daɗe yana shafa nasa gemun, daga nan duk direban da ya zo, yaro ko tsoho, sai ya ce masa kolonya ta ƙare.

Ƙanena kuwa, ranar da na gano kwalaben, ya kwanta bayan azahar. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, duk wanda ya zo nemansa na kore shi.