Kaska a Kunnen Zomo

Ƙanena Isufu ya rasu bara, kuma tun daga lokacin nake yawan tuna murhun kakarmu. Ba kuka nake yi ba. Tunanin kan zo ne kawai ya zauna kusa da ni, ya daɗe, ya tashi.

A zongon Dapaong muka girma, a hannun Kaka Asabe, mahaifiyar babanmu. A wancan zamanin, da an gama girbin dawa sai ɗari ya sauko, irin wanda yatsu ke ƙin lanƙwasuwa da safe. Bayan sallar isha'i takan hura wuta da kara a tsakar gida, ta binne gyaɗa a toka. Ni nakan zauna shiru. Isufu kuwa yana ta tsokanar wuta da tsinke.

"Kai mijin banza, bar mini wuta," in ji ta. "Ko zane ba ka taɓa saya mini ba, za ka ƙona mini gida."

"Ai kin tsufa, Kaka. Sakin ki zan yi."

"Sake ni mu ga mai gasa maka gyaɗa. To, ga wata ta iso, wa zai ba ta wurin zama?"

Sai mu ce, "Ta zauna a kunnenmu."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta Bushiya. Wai wata damina Kaska ta zo ƙofar Bushiya a jiƙe, ta roƙi mafaka a cikin ƙayoyinta. Bushiya ta yarda, da sharaɗin idan Tsoho Ɗari ya zo za ta tafi. Shi Tsoho Ɗari kowace shekara yakan bi ramuka da sandarsa, yana ƙwanƙwasawa yana cewa, "Baƙi, ku fito, zama ya ƙare." Kaska da Ƙuma da 'ya'yansu sai su tattara su fita. Amma Bushiya ba ta son tsohon, don zuwansa yana sa mata ciwon baya. Wata shekara ta leƙo ta zage shi, ta ce kada ya sake taka mata ƙofa. Ya wuce abinsa. Kaska ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Bushiya ba ta da hannun da zai shiga tsakanin ƙaya ya yi susa. Ta rame, ta bi daji tana kiran tsohon, bai waiwayo ba.

"Shi ya sa," in ji Kaka, "mai yi muku faɗa kada ku kore shi." Kanta take nufi, mun sani.

Akwai kuma dokarta ta nama. Ba a kawo mata zomo ko gafiya ko kurege da damina. Sai ɗari ya ratsa daji ya kori baƙinsu. Mu dai abin da muka riƙe shi ne lokacin: an gama girbi, farauta ta buɗe.

Kaka ta rasu. Ni na gangaro Sokodé ina haya da babur, Isufu ya kama noma kusa da Bombouaka, ya yi aure, ya tara karnuka. Bara bayan girbi na kai masa ziyara. A waje muka kwana, ba bargo, har ina gumi. Da hantsi ya dawo daga daji da zomaye biyu, ya buɗe mini kunnen ɗaya. Kaska ce a jere, sun ƙoshi sun yi tim kamar wake.

"Dubi, Yaya. Kusan duk wanda na kama haka yake yanzu. Gafiya ma ƙuma ce fal a jikinta."

"To, yar da shi mana."

"In yar da nama? Ai an yi girbi. Dokar matata Kaka ban karya ba."

"Ɗarin fa? Ka gan shi?"

Ya yi dariya. "Ƙila ya tsufa ne, babur yake jira. Je ka ɗauko shi."

Ya zauna yana tsinke su da farce, yana murtsukewa a kan dutse. Wasu sun hau hannunsa, ya kakkaɓe. Matarsa Ramatu ta dafa, ni ma na ci.

Ban daɗe da komawa ba Ramatu ta kira ni ta ce zazzaɓi ya kwantar da shi. An ba shi maganin zazzaɓin sauro, bai ji ba. A asibitin Dapaong likita ya ga tabon cizo a hammatarsa, ya tambaya ko yana taɓa naman daji. Ya ce yana iya yiwuwa kaska ce, bai tabbatar ba. Ina cikin mota zan je wurinsa, mun wuce Mango, aka sake kira, aka ce ya cika. Na ce to. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da kallon hanya.

Yanzu da nake koyon karatu da girmana, malamarmu ta taɓa gaya mana cewa zafi na ƙaruwa a duniya, sanyi na gajarta, ƙwarin da a da sukan ragu yanzu suna kai shekara a jikin ƙananan dabbobi. Ban yi mamaki ba. Abin da na kasa ganewa shi ne wa ya zagi tsohon. Bushiya ta san laifinta. Zomon Bombouaka bai zagi kowa ba, Isufu ma haka.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Ramatu ta durƙusa gefena. Karnuka na kwance a inuwa suna susa.

"Yaya, yara za su so fita da karnukan nan. Da naman muke miya. Wane lokaci zan ce musu su fita?"

Na ce su dakata tukuna.

"Har yaushe?"

Na lissafa watannin shekara a raina, ɗaya bayan ɗaya, ban sami na ɗari ba. Ta jira. Can sai ta kwashe kwanuka ta shiga ciki.