Mutumin da ya ce shi ɗan Baoudetta ne

Shekarar da na tafi Abijan, hutun lakwal ne, makarantar da nake koyarwa tana rufe. Yayana yana sayar da nama a can tun ina ƙarami, shi ya matsa sai na zo na ga inda yake. Tun a tashar Tasawa mutane suka cika mini kunne. Wani ya ce kada in amsa gaisuwar wanda ban sani ba, wani ya ce in an miƙo mini ruwa kada in sha. Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta bi ni har can.

Wata safiya na ce wa Yaya ina so in ga teku. Ba ya iya barin tukubarsa, sai ya kwatanta mini hanya: in hau jirgin ruwan da ke ƙetare tafkin da ya raba garin, in na sauka in shiga bas mai zuwa bakin teku. Ya ce, "Salularka ta zauna cikin aljihun gaba, kuma ka rage kallon sama."

Ni da ruwan da na sani bai wuce tafkin damina ba, da jirgin ya tashi sai na kama ƙarfen kujera da hannu biyu. Nan na ji an ce a gefena, "Malam, barka da zuwa. Ɗan Tasawa ne, ko?"

Na waiwaya. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, da riga irin ta ma'aikatan ofis da jaka a cinyarsa. Ban yi magana da kowa ba tun da na shigo, Bismillah kawai na yi a ƙofa.

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

Ya ce, "Hularka."

Hular kuwa a Maraɗi na saye ta, irinta tana kan kowa daga Damagaram har Ƙonni. Na dafa aljihuna.

Ya ce shi ɗan Baoudetta ne, kawunsa ya ɗauko shi yana yaro, bai taɓa komawa ba. Hausarsa tana da nauyi, yana tsayawa ya nemi kalma ya cike da Faransanci. Na shiga gwada shi kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Na tambaye shi ranar kasuwar garin, ya faɗa daidai. Na tambaye shi unguwarsu, ya ce kusa da wata rijiya mai tsamiya. Na sha zuwa Baoudetta biki da gaisuwar mutuwa, ban tuna wata tsamiya a bakin rijiya ba. Amma itace yana faɗuwa, kuma ranar kasuwa kowane direba ya san ta.

Da muka sauka na yi masa sallama, na yi sauri. Ina tsaye cikin taron masu jiran bas, motocin suna wucewa da lambobinsu ban san wacce ce tawa ba, sai ga shi a bayana.

"Teku za ka, ko? Ba wannan ba, mai zuwa."

Ban faɗa masa inda za ni ba. Na tambaye shi yadda ya sani, ya ce duk ɗan ƙasarmu da ya zo, can yake fara zuwa. Ya shiga bas ɗin tare da ni, ya ce hanyarsa ce. Mutane sun matse mu, kafaɗarsa tana jikin tawa, ni kuwa idona yana kan hannayensa. Yana nuna mini gada da tashar manyan jiragen ruwa ta taga, ina cewa to, ban ga komai sosai ba.

Tekun ma rabin kallo na yi masa. Ruwa yana tasowa kamar bango yana faɗuwa da ƙara, iska tana kawo gishiri a leɓe, ni kuma ina lura da wasu samari biyu da suka zauna kan wani kwalekwale, ina tunanin ko tare suke da shi. Ya sayo kwakwa biyu, aka fasa a gabana. Na ce ina da ciwon ciki. Ya shanye duka biyun.

Can sai ya ce, "Ɗan'uwa, alfarma ɗaya. Ina da gwaggo a Baoudetta, in tana da rai. Ba ni salularka in yi mata magana a ciki, in ka koma ka kunna mata."

Na ce caji ya ƙare. Ya dubi aljihuna, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi. Ya ce to in faɗa mata da baki, ɗan ƙanenta wanda ya ƙone a ƙafa yana gaishe ta. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini tabon. Daga nan ya raka ni wurin bas, ya faɗa wa direba inda zan sauka, shi bai shiga ba.

Yaya da ya ji labarin ya ce, "Ɓarawo ne, Allah ya tsare ka." Matarsa ta ce ɓarawo ba ya ɓata yini guda a kan malamin lakwal.

Bayan na dawo Tasawa na tambayi wani tsoho ɗan Baoudetta da ke kawo gero kasuwa ko ya san yaron da ya ƙone a ƙafa. Ya ce an yi wani yaro da ya faɗa murhu, amma shi a saninsa Libiya aka kai shi, kuma an ce ya rasu. Abokin tafiyarsa ya ce a'a, wancan na wani ƙauye ne daban. Suka kama gardama har mai awo ya kira su, suka bar ni a tsaye.