Ranar da Na Shanya Faifai a Rana

Har gobe ba na mantawa da wata Laraba a shekarar da aka fito da naira. Ina sabuwar malama a firamaren Toranke, ba a tabbatar da ni ba tukuna. Ƙa'idar lokacin, sai sufeton makarantu ya zo daga Gaya ya ga darasinka ya sa hannu, sannan ka zama cikakken malami. Ni motsa jiki aka ba ni, 'yan aji uku.

Makarantar tana da garmaho mai batir da faifai biyu. Ɗaya na badujala, da shi muke maci. Ɗayan wani malami ɗan Gana ne ya bari, ba mai taɓa shi.

Ana gobe sufeto zai zo, na ga faifan badujalar ya yi ƙura. Na wanke shi tas da sabulu, na shanya a rana yadda nake yi wa kwanukana. Kafin la'asar ya lanƙwashe kamar busasshen ganye.

Hedimasta, Malam Sule, ya jujjuya shi ya ce, "Malama Hajara, ai saura guga!" Ni kuwa hawaye nake ɓoyewa.

Washegari sufeto ya iso a babur. Na yi bismilla na ɗora ɗayan faifan. Sai ga fiyano a hankali, ɗis-ɗis, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Yara suka yi cirko-cirko suna kallona.

Can Allah ya kawo mini dabara. Na ce, "Yau ba maci. Ku yi mini shuka!"

Da ma 'ya'yan manoma ne. Suka jera: a yi taku, a sara, a zuba iri, a rufe da diddige. Kai ka ce don su aka buga kiɗan.

Sufeto ya ɗauki kwalin faifan yana murmushi. "Kiɗan jaz ke nan. Wannan bawan Allah mai fiyanon, da ƙuruciyarsa yatsunsa ba sa tsayawa. Wannan faifan kuwa da ya tsufa ya yi shi, ya daina sauri." Ya dubi hedimasta. "Wa ya koya mata haɗa shi da shuka?"

Malam Sule ya ce, "Rana ce, ranka ya daɗe."

Sai da ya ji labarin, ya yi dariya har da share ido, sannan ya sa hannu.

Ku malaman yanzu, in darasi ya ƙi, ku koma kan abin da yaro ya zo da shi daga gida. Na daɗe da barin aiki, amma lanƙwasasshen faifan nan yana cikin adakata, tare da takardar tabbatarwata. Alhamdu lillahi.