Rabin Shafukan Kansu a Ƙasa

Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane. Haka na tarar a gidanmu, haka na riƙe. Ko da na je Guangzhou ta ƙasar Sin wankan jegon matarsa, "yaron nan" nake ce masa, shi da ya fara furfura a gemu.

Harkarsa wandunan jins ce, yana saro su a Xintang yana aika wa ƙanin mahaifinsa Kano. Sai na iske zuciyarsa ta koma wani wuri: yana so ya sayi tsohon injin buga littafi ya kai gida. Baffan nasa ya ce a waya ba a barin kasuwa mai ci, amma in na sa albarka shi ba zai hana ba. Magana ta dawo kaina, ni da sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Bai roƙe ni ba. Muna cin tuwo ya riƙa ba matarsa labari, da murya yadda zan ji, wai wanda ya fara kai injin ɗab'i ƙasar Ingila ɗan kasuwar tufafi ne da ya daɗe a ƙasar waje, can ya koyi aikin, ya koma gida yana buga littattafai da harshen mutanensa. Matar ta ce to Alhaji, saura jirgin ruwa. Na yi kamar jaririya nake lallashi.

Wata safiya suka ɗauke ni zuwa maɗaba'ar da ake sayar da injin. Ya ba da wani ɗan littafin koyon karatu na Hausa a buga na gwaji, mai manyan baƙaƙe, irin wanda idon tsohuwa zai iya. Wurin na warin tawada, ƙasa na rawa a tafin ƙafa. Mai wurin, wata mace gajeriya da suke ce wa lawban, ta zaro takarda mai faɗin tabarmar salla ta shimfiɗa a tebur.

Na duba, na sake dubawa. Rabin shafukan kansu a ƙasa. Shafin farko ga shi maƙale da na ƙarshe. Yaron nan kuwa sai murmushi yake, har yana cewa shiye-shiye, wato godiya. Na ce a raina sun ga baƙo mai sanyin hali za su sayar masa da mataccen inji. Ban san lokacin da na dafa takardar ba.

"Ki gaya mata," na ce wa surukata, "ba za a cuci ɗana ina tsaye ba. Ni ma na iya karatu."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na kira shi. Surukata ta rufe baki da mayafi. Da aka fassara wa mai wurin, ba ta ji haushi ba. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen takardar, muka ninka tare, muka sake ninkawa, muka kuma. Ta sa aka datse gefuna da wata babbar wuƙa, ta miƙo mini. Littafi ne sosai, kowane shafi a mazauninsa, kansa a sama.

Na karanta shafin farko a bayyane, ban ko ciro tabarau ba. Da na ɗago, yaron nan ya juya baya yana duban injin, ya daɗe yana dubansa.

A mota surukata ta ce, "Hajiya, ɗazu wa kika ce ba za a cuta ba? Ban ji sosai ba."

Na ce ta kula da kan jaririya. Da muka isa gida na sa ta kira mini baffansu, na ce masa a nemi shago mai faɗin ƙofa, injin yana da girma.