Na Ɓoye Wayata Har Na Rasa Muryar Innata

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ni matar aure ce a cikin garin Hadejia, uwar 'ya'ya huɗu. A lokacin da abin nan ya same ni sana'ata ƙulla zoɓo da kunun aya ce a cikin gida, kuma har yau ita ce. Boko a firamare na ajiye shi, shi ya sa karatu yake mini nauyi, wannan wasiƙar ma ina yi ina hutawa nake rubuta ta. Amma kunne kam Allah ya ba ni, in na ji magana sau ɗaya ta zauna ke nan. Ba na son fita, ko biki sai ya zama dole. Wayata ce kasuwata, ita ce kuma dandalin hirata.

Innata mutuniyar Guri ce, bandar kifi take yi tun ina goye. Ba ta da babbar waya, sai ta ari ta matar yayana ta aiko mini da saƙon murya. Ba ta iya gajarta zance ba, a wurinta na gada. Za ta yi sallama kamar tana bakin ƙofa, har ta ɗan dakata wai ko zan amsa, sannan ta ɗauko labari: inda ruwa ya kawo, yadda ciyawar kachalla ta toshe wa masu kwalekwale hanya, tarwaɗa ta yi tsada, tsuntsayen jan-baki sun sauka a shinkafar wane. A bayan muryarta kana jin kaji, kana jin tarin da hayaƙin banda ya bar mata. Da wani suna take kirana wanda duk duniya ba mai kirana da shi sai ita. Da Allah ya karɓi abarsa a wata damina, na tambayi matar yayana ko saƙonnin suna nan a wajenta, ta ce wallahi gogewa take yi saboda wayarta ba wuri. Ashe a hannuna kaɗai muryar Inna ta rage. Duk ranar da kewa ta taso mini sai in kunna ɗaya in ajiye kusa da turmi, in ci gaba da aikina kamar tana zaune a tsakar gidan.

To akwai wani shafi da na daɗe ina shiga, inda ake karanta littattafan Hausa da murya, tunda ni da ido ba na ja da nisa. Na shekara ina sauraro a wurin ban taɓa ganin komai ba. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, na buɗe shi, sai wani akwati ja ya rufe fuskar wayar da rubutun Turanci, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Hannuna duk gari, labari kuma ya kai wuri mai daɗi. Na danna inda aka saba dannawa a wuce. Wani abu ya sauka, ya yi ta neman izini, ni kuma ina ta ba shi, don a zatona masu shafin ne suka yi gyara. Baƙon da ya shigo ta ƙofar da ka sani, wa zai tsare shi da tambaya?

Ba a jima ba waya ta fara zafi kamar an ɗora ta kan murhu. Caji ba ya kai azahar, data kuwa in saka da safe ta ƙare kafin in sauke tukunya. Abin da ya fi muni, hotunan banza suka riƙa faɗowa da kansu, irin waɗanda baki ba zai iya faɗa ba. Ranar nan yayar maigidana ta zo, ina nuna mata hoton wata atamfa, sai ga ɗaya ya faɗo a gabanta. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta gyara mayafinta ta ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Maigidana, Allah ya saka masa, bai zarge ni ba. Dariya ma ya yi, ya ce ya san ko Turancin da zan nemo irin wannan da shi ban iya ba, in kawo ya kai wa mai gyara a kasuwa. A nan na yi wautar da nake kuka da ita. Na ƙi. Akwai hotunana da na 'ya'yana mata ba ɗankwali, na kuma sha jin mata suna cewa masu gyara bincike suke yi. Sannan na ji an ce in waya ta kamu wanke ta ake yi tas, ni kuwa Innata tana ciki. Sai na ce masa ai ta warke da kanta. Na koma ɓoye ta a cikin kwalla, in fito da ita in ba kowa. Har gwaggona ta kira ni daga Kaugama tana tambayar wane tallafi ne na turo mata na ce ta danna, alhali ban tura komai ba. Na ce mata kada ta taɓa, amma duk da haka ban kai gyara ba. Kullum sai in ce gobe.

Goben ba ta zo ba. Wata safiya na kunna, waya ta tsaya a kan wani baƙin allo, ta ƙi buɗewa. Ranar na faɗa wa maigida gaskiya, na saka hijabi muka tafi kasuwa tare. Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gemu, ba irin wanda na zana a raina ba. Ya ce masu shafin ba su da laifi, ɓarayi ne suka fasa shi suka dasa abinsu, kamar a binne ƙugiya a mashayar da kowa ya saba ɗiban ruwa. Na tambaye shi muryoyin fa. Ya gwada nan, ya gwada can, ya jona ta da kwamfuta, sannan ya girgiza kai. Ya ce da na kawo ta tun tana buɗewa, da a gabana zai kwashe su ya zuba mini a memori, ba sai ya leƙa hoton kowa ba, mata da yawa a kan bencin nan suke zama har ya gama. Yanzu kam sai wanki. Na rufe fuska da hijabi na yi ta kuka a tsakiyar mutane. Ji na yi kamar ranar aka fita da Inna.

Bayan an kwana biyu ƙanwata da take aure a Kirikasamma ta ji labari, sai ta tuna na taɓa tura mata saƙo ɗaya don mu yi dariya. Ta dawo mini da shi. Faɗa ne Inna take yi mini a ciki, lokacin da na yi ciwon haƙori na ɓoye har kumatuna ya kumbura. Ta kira ni da sunan nan, ta ce tun ina yarinya haka nake, ƙaya ta soke ni in ɓoye ƙafa sai ta yi ruwa, wai yaushe zan yi hankali. Duk hirarrakinmu masu daɗi sun tafi, wannan kaɗai Allah ya bar mini.

'Yan uwana mata, musamman irina da Turanci ya yi wa nisa, ko shafin da kuka saba ne, in ya ɓullo da akwati yana cewa a danna ko a sauke wani abu, ku rufe ku tambayi wanda ya sani. In waya ta canja hali kada kunya ta sa ku ɓoye ta, ku kai ta ku zauna a wurin. Abin da ba ku son rasawa kuma ku ajiye shi wuri biyu tun yau. Ni yanzu faɗan Inna yana wayata, yana memori, yana wayar maigida. In na kunna ta tambaye ni yaushe zan yi hankali, sai in ce mata na yi, Inna, amma a makare. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku iyayen.