Layin da na ja a wuyanta

Yatsa na fara gani ranar da aka kai ni makarantar 'yan mata a Gadarif. Hoton wata mace ne a bangon aji, idanunta manya, ta ɗora yatsa a kan leɓe. Na ɗauka gargaɗi ne, sai na kama bakina. Dama ni ba mai magana ba ce.

Shekarar nan Baba yana tuƙin tarakta a gonakin dawa na Gadambaliya, ni kuma ina zaune wurin kakata, wadda muke kira Habboba.

Sai daga baya ustazar tarihi ta ce hoton daga bangon wata tsohuwar majami'a ta Nuba aka ɗauko shi, ya haura shekara dubu. Ta liƙa wasu biyu kusa da shi, ta ce kusan duk zamaninsu ɗaya: wata 'yar Sin mai kumatu da ɗan mitsitsin baki, da shafin Alƙur'ani, rubutun zinariya a kan shuɗi, ba ɗigo ko ɗaya. Ta ce kowanne a wurin mutanensa shi ne ƙarshen kyau. Na dubi wannan, na dubi wancan, ba su yi kama ba ko kaɗan. To wanne ke da gaskiya?

Ta ce kowa ta kwaikwayi ɗaya, wanda ya fi za a liƙa a bango. Ina son nawa ya hau bangon, ko don a san ina ajin. Na zaɓi mai yatsa.

A gida ina cikin zanen, Habboba na tsintar riɗi a faifai, ta leƙo.

"Ke ƙawata, wace ce wannan mai idon mujiya?"

"Kyakkyawa ce, Habboba. Ustaza ta ce."

"Ba tsage a kumatu, ba shuni a leɓe, ina kyan? Kuma ranar gobe kiyama za a ce ki hura mata rai. Kina da shi? Ja mata layi a wuya."

Haka ake yi a gidanmu: duk zanen mai rai sai an raba kai da jiki. Na ja layin da fensir.

Washegari ustaza ta ɗaga takardata, ta daɗe tana kallo.

"Idanun sun fito, ya binti, 'yata. Amma me ta yi miki kika yanka ta?"

Aji ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce layya na yi tun kafin Salla. Ustaza ta ce in goge layin zuwa gobe, za ta liƙa.

A hanya kaina ya ƙulle. In na goge, ga ranar gobe kiyama. In na bari, ba bango. Kuma har lokacin ban san ko matar kyakkyawa ce ba, ko kuwa Habboba ce kyakkyawar, da tsagenta da baƙin leɓenta da yara ke yi wa dariya.

Na same ta tana alwala, ta sunkuya, duwatsun wuyanta na lilo. Zare ɗaya ne ya ratsa su, daidai inda na ja layina. Na jira ta idar da salla, na matso da fensir.

"Habboba, ara min abin wuyanki in kwaikwaya. Layin yana nan, duwatsu kawai zan jera a kai."