Iyakar da Ta Bi Lambatu

Gidan da na tashi a cikinsa yana Nasarawa, a bakin wani babban lambatu da ke kwashe ruwan unguwa ya kai kogi. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wani mutumin Filato, ba abin da ya raba mu sai lambatun da wata 'yar gada ta katako. Mutumin nan abokin mahaifina ne tun suna samari a masaƙa. Baba yana ɓangaren saƙa, shi kuma yana gyaran injuna, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya ko da yake bai taɓa taka jami'a ba. Mu 'ya'yan gida muna ce masa Baba Injiniya. Kirista ne, dattijo a cocinsu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira mahaifina da wani suna ba sai Malam.

Bayan an rufe masaƙa, da kuma rikicin da ya sa mutane suka yi ta sauya matsuguni, unguwarmu ta rabu da kanta. Musulmi suka tattara a gefe ɗaya na babban titi, Kiristoci a ɗaya gefen. Gidanmu ya faɗo a gefen da Kiristoci suka fi yawa, Baba kuwa ya ƙi tashi. 'Yan uwa sun yi magana har sun gaji. Ya ce shi da hannunsa ya buga bulon ɗakin nan, kuma bai ga abin da maƙwabtansa suka yi masa ba.

A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, na yi aure a Unguwar Mu'azu, ina koyarwa a wata firamare, mahaifiyarmu kuma ta rasu. Duk Asabar nakan hau keke in je in duba Baba, in yi masa wanki da miyar da za ta kai shi kwana biyu. Yanar ido ta fara rage masa gani. Yana gane mutum da murya, yana kuma iya zuwa masallaci da sandarsa, amma karatu ya gagare shi. Safiya da la'asar yakan zauna a benci a ƙofar gida, Baba Injiniya ya tsallako da rediyonsa.

Mazaɓarmu ta kansila ta daɗe da yi wa mutanenta kaɗan. An shata ta tun lokacin da bayan gidanmu gonakin rogo ne. Yanzu duk an gine, gidan haya a jikin gidan haya, har bakin fadama, amma kansila ɗaya ne tal. Wata mazaɓar da ke kusa da mu, wadda mutum zai zagaye a ƙafa kafin shayinsa ya huce, ita ma kansilanta ɗaya. Ranar zaɓe mukan shiga layi tun da sanyin safiya, azahar ta same mu a tsaye. Kansilolin da muka yi ba miyagun mutane ba ne. Wani ma ɗan ajinmu ne. Sai dai in ka kai masa kukan lambatu ya toshe, sai ka tarar da mutanen lunguna goma sun riga ka, kowa da nasa.

Wata Asabar na iso na tarar da su biyun ba su kunna rediyo ba. Baba ya gaya mini mai unguwa ya yi shela cewa wani kwamiti zai zo jin ra'ayin jama'a, ana so a raba mazaɓar gida biyu domin kowane kansila ya samu yawan mutanen da zai iya ɗauka. Na ce ai abin farin ciki ne. Ya ce haka ne, amma in tambayi Injiniya inda mutane ke so iyakar ta bi.

Babban titi ake so ta bi. Baba Injiniya ya ce a cocinsu maganar ke nan, Baba ya ce a masallaci ma haka. Kowa ya samu kansilansa, wanda suke ibada tare, a huta da faɗan zaɓe. An jima ba a samu abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi da sauri haka ba, kuma ni kaina a ranar ban ga laifinsa ba.

Su dai bai kwanta musu ba. Da farko Baba Injiniya ya ce lissafin bai fita ba, domin gefenmu na titin ya ninka ɗaya gefen girma, in an bi titi to an sake yin babba da ƙarama ke nan. Baba kuma abin da ya dame shi daban. Ya ce duk kansilan da ya san ba ya bukatar ƙuri'ar mai wani addini, to ba zai ƙara tsallaka titi ko gaisuwar mutuwa ba.

Suka yanke shawarar su taka unguwar da ƙafarsu su gani. Sati biyu suna yi, da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Baba Injiniya ne ido, Baba kuma shi ya riƙe tarihin kowane lungu: gonar wane ce a da, wa ya fara gini, ta ina ruwa ke bi in an yi kamar da bakin ƙwarya. Wata mai sayar da doya 'yar Binuwai ta gaya mini daga baya cewa ta gan su sun wuce ta gaban tebur ɗinta, ɗaya ya riƙe hannun rigar ɗaya, suna gardama a kan ko wani lungu yana ɓullewa. Ta kira su ta ba su ruwa da wurin zama, suka sha suka ci gaba da gardamarsu.

Da na dawo suka sa ni zana abin da suka gano, tun da ni ce malamar makaranta. Na shimfiɗa farin kwali a tabarma. Baba Injiniya yana nuna mini, Baba yana gyara masa daga inda yake zaune. Shawararsu ita ce iyakar ta bi lambatu. Lambatun ya ratsa unguwar ne daga sama har ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin babban titi, saboda haka kowace mazaɓa za ta samu rabonta na gefen titin biyu, masallatai da coci-coci, kuma gidajen sun yi kusan daidai. Ga shi kuma kansiloli biyu za su yi tarayya a lambatun, ba wanda zai ce ba ruwansa da yashe shi.

Na ɗauki jan biro na fara jan layin daga sama. Da na iso daidai gidanmu sai hannuna ya tsaya. Gidanmu yana gabas da lambatu, na Baba Injiniya yana yamma. In an bi titi, su biyun suna mazaɓa ɗaya. In an bi shawararsu, an raba su.

Na gaya musu. Na ɗauka ba su lura ba. Baba Injiniya ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Baba ya ce tun ranar farko suka sani.

"Shekara nawa kuna shiga layi tare, Baba?" na tambaye shi.

"Ban ƙirga ba," ya ce. "Ja layinki, uwata. Ba don mu biyu ake yi ba."

Uwata yake ce mini domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ja layin ya wuce ta tsakanin gidajen biyu, amma sai da na ɗan zana gadar katakon a kai, ko da yake ba wanda ya sa ni.

An yi zaman a babban ajin wata makaranta. 'Yan kwamitin suna gaba a bayan tebur, shugabarsu wata Hajiya mai sanyin murya da ke rubuta duk abin da aka faɗa. Mutum bayan mutum suka tashi suka ce titi. Ba zan ce maganarsu banza ce ba. Wani mai shagon kayan gini, wanda aka ƙona masa shago a rikicin baya, ya ce shi ya gaji da zaɓen da ake tsoron ranar faɗin sakamakonsa, a bar kowa da nasa a zauna lafiya. Kowa a ajin ya san abin da ya same shi.

Da aka zo kansu, na riƙe kwalin a gaba. Baba Injiniya ya yi bayanin gidaje da lunguna, yana haɗa Hausa da Turanci yadda ya saba, yana nunawa da sandar Baba. Wasu matasa a baya suka fara gunaguni, Hajiyar ta ɗaga hannu suka yi shiru. Sannan Baba ya miƙe. Bai san inda teburin yake sosai ba, sai ya fuskanci taga, Baba Injiniya ya kama kafaɗarsa ya juya shi a hankali.

Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ya ji maganar mai shago, kuma ba shi da bakin da zai ce masa ya manta. Ya ce a masaƙa ya yi aiki a ƙarƙashin shugabanni iri-iri, kuma wanda ya fi yi masa adalci shi ne wanda ya san in Baba bai tayar da injinsa ba, shi ma ba zai cika aikinsa ba.

"Ni so nake a ba ni kansilan da sai ya zo ƙofata ya kuma je ƙofar wannan," ya ce, yana lalubar hannun abokinsa. "In aka bi titi, jikokinmu za su taso su ɗauka dama can haka Allah ya yi garin."

Ba a tafa ba. Mai doyar nan ce ta tashi ta ce ita dai ruwan da ke shiga ɗakinta da damina daga lambatu yake fitowa, ba daga titi ba, don haka tana bayan tsofaffin. Wasu suka yi dariya, wasu mata suka ce haka ne. Hajiyar ta nemi a bar mata kwalin. A hanyar gida Baba ya yi ta tambayata ko muryarsa ta yi rawa. Na ce kaɗan. Mai shagon ya wuce mu a kan babur, ya rage gudu ya gaishe su, ya ci gaba da tafiyarsa.

Bayan wata uku aka liƙa taswirar shawarar kwamitin a bangon makarantar, aka ce duk mai ƙorafi ya rubuto. Muka tafi mu uku. Mutane sun cika wurin, amma da suka ga tsofaffin sai suka buɗa. Iyakar ta bi lambatu. Sai can ƙasa wajen fadama ta karkata ta bi wani lungu, abin da Baba Injiniya ya ce kuskure ne, har ya fara faɗa da takardar.

Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bangon. Ya ce ba ya ganin komai sai fari. Na buɗe baki zan karanta masa, sai Baba Injiniya ya kama yatsan Baba manuni ya ɗora a saman takardar. Ya riƙa jan yatsan a kan layin sannu a hankali yana faɗa masa inda suke: ga bayan kasuwa, ga kwalbatin titi, ga injin niƙa. Da suka iso wani wuri ya tsaya.

"Nan ne, Malam. Kai kana nan, ni ina nan."

Tazarar ba ta kai faɗin farcen Baba ba. Ya bar yatsansa a wurin ya daɗe. Na juya na kalli wani wajen domin idona ya cika. Da muka fito Baba ya ce yunwa yake ji, muka tsaya wurin mai doya ta soya musu, ta ƙi karɓar komai.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗin faɗa ba ne sosai. An ce an miƙa rahoton sama, daga nan muka daina jin labari. Zaɓen kansila ya zo aka yi shi da tsohuwar mazaɓa, su biyun suka shiga layi ɗaya, wani jami'i ya ga tsufansu ya shigar da su gaba. Da daminar da ta biyo baya ciwon ƙafa ya matsa wa Baba Injiniya, 'ya'yansa suka zo da mota suka mayar da shi garinsu a Filato, aka sa 'yan haya a gidan. Ranar tafiyar Baba ya tsallaka da sandarsa ya zauna a ɗakin abokinsa har aka gama ɗaure kaya.

An yi wa Baba aikin ido ɗaya a bara, yana ɗan gani yanzu. Na roƙe shi ya dawo wurina Unguwar Mu'azu, ya ce sai ya ga yadda maganar iyaka ta ƙare. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci Baba Injiniya yakan kira wayata, don haka na mayar da zuwana Lahadi. Nakan miƙa wa Baba wayar in koma wajen girki, ina jiyo shi yana ɗaga murya yana ba da labarin unguwa gida-gida: wa ya haihu, wa ya tashi, ina ruwa ya yi ɓarna bana.